Jawabin Maraba ga Baba Shugaban Gunduma a Ranar Keɓe Ogan Ɗinmu a Agege

Baba Rabaran Shugaban Gunduma tare da Mama, fastoci, dattawan ikkilisiya, Zumuntar Mata, matasa, da maƙwabtanmu na Zango da suka amsa gayyata, salama a gare ku. Baba, barka da zuwa, sannu da hanya, sannu da cunkoson Oshodi.

A garin nan na Ikko ne 'yan mishan Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka daga jirgin ruwa a Disamba 1893, hankalinsu yana ƙasar Arewa. Mu kuwa jikokin wannan aiki, neman abinci ya gangaro da mu Ikko, ga mu muna sujada da Hausa.

Ogan ɗin da za ka keɓe, wato kayan kiɗan nan mai bututu, ya girmi kowa a ɗakin nan. A Ingila aka ƙera shi, ya yi shekaru yana hidima a wata ƙaramar majami'ar 'yan'uwanmu Yarabawa a cikin tsibirin Ikko. Da suka faɗaɗa gini suka sayi na lantarki, sai aka jingine shi a sito, gara ta fara cin katakon, ɓeraye suka cinye fatar zugazuginsa. Allah ya saka musu da alheri, kyauta suka ba mu.

Baba, ɗauko shi ne aikin. Ba a ɗaga ogan kamar kabad. Sai da aka zare bututun ɗaya bayan ɗaya, aka sa wa kowanne lamba, aka naɗe shi da tsumma, domin ƙarfen haɗin kuza da darma ne, ɗan yatsa ma yana lotsa shi. Wani dattijonmu ɗan Filato, wanda mahaifinsa ya yi haƙar kuza a Bukur, ya rungumi dogon bututun mai ƙafa 8 yana hawaye. Tun kafin asuba motar ta hau gadar Third Mainland, matasa suna zaune a baya riƙe da kayan har Agege. Fatar tumaki muka samo aka sake zugazugin, aikinsa kuwa irin na maƙeri ne sak: ya tara iska, ya tura ta cikin bututu, wasu su yi kukan sarewa, wasu na algaita. Mun bar masa sandar bugawa ta hannu, don ko an ɗauke wuta waƙa ba za ta tsaya ba.

Wasu sun tambaya, ga ganga ga tulun iyayenmu mata, me za mu yi da shi? Tambayar tana da kyau. Ba abin da za mu ajiye. Makaɗin nan Fela Sowande ya koyi ogan a hannun T.K.E. Phillips a babbar majami'ar Marina, ya ɗora waƙoƙin Yarabanci a kansa har duniya ta ji. Haka muke so a ji namu na Littafin Waƙoƙi.

Ga kukanmu, Baba. Laimar damina tana kumbura katakon, hunturu yana busar da fata, sai murya ta karkace, masu gyaran kuma ƙalilan ne a ƙasar nan. Muna roƙon Gunduma ta ɗauki nauyin matasanmu biyu, ɗaya ya koyi kaɗawa, ɗaya gyara.

Yanzu muna gayyatarka ka matso ka ɗora masa hannu ka yi addu'a, mawaƙa kuma sun shirya.