Abin da na gani a bayan filin golf na Boise, da tarihin gasar da ake bi kafin a kai PGA

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyata. Yau Juma'a ce da yamma a nan birnin Boise na jihar Idaho, kuma ina yi muku magana ne daga wurin ajiye motoci na filin golf na Hillcrest, domin abin da na gani a nan ya fi duk abin da na gani a cikin filin tsaya mini a rai. Akwai wani matashin ɗan wasa da na yini ina bin bayansa da ƙafa, ina kallonsa yana aika ƙwallo nisan da idona ba ya iya bi. Ɗazu ya fito ya buɗe bayan wata ƙaramar motar haya, ya cusa jakar sandunansa a kan akwatin tufafinsa, ya sallami wanda ya ɗaukar masa jaka, sannan ya zauna a kujerar direba yana cin biskit yana duba waya. Na koma na duba allon sakamako, sai na tarar bugu ɗaya tak ne ya raba shi da waɗanda za su ci gaba da wasa gobe, kuma saboda wannan bugu ɗaya zai bar garin nan ba tare da ko sisi daga kuɗin kyautar gasar ba.

Ka'idar ke nan a wannan jerin gasanni da ake kira Korn Ferry Tour. 'Yan wasa kimanin 150 ne suke farawa ranar Alhamis, a yi kwana biyu ana bugawa, sannan a yi tankaɗe da rairaya a bar mutum 65 na sama da duk wanda ya yi kunnen doki da na ƙarshensu. Sauran kowa ya kama gabansa, alhali shi ya biya kuɗin jirgi ko man mota, shi ya biya masauki da abinci, shi ya biya ɗan ɗaukar jaka. Ni da na saba da tsarin ƙwallon ƙafa, inda ɗan wasan ƙaramin rukuni yake da kulob da ke bin sa albashi ko da an jinkirta biya, abin ya ɗaure mini kai matuƙa. A nan babu kulob, babu albashi, mutum shi ne kamfanin kansa. Shi ya sa wasu iyalai a garuruwan da ake gasar suke buɗe gidajensu su sauki 'yan wasa kyauta na tsawon mako, kuma wata maƙwabciyata dattijuwa tana cikin masu yin haka. Ita ce ma ta matsa mini in zo in gani da idona, bayan na faɗa mata cewa a wurina golf wasan masu kuɗi ne da tsofaffin manyan ma'aikata.

Asalin abin ya koma shekarar 1990. Kafin lokacin, wanda yake son shiga babbar gasar PGA Tour kusan hanya ɗaya gare shi, wato jarrabawar cancanta da ake yi sau ɗaya a ƙarshen shekara, wadda matakinta na ƙarshe zagaye shida ne, ramuka 108. Wanda ya faɗi sai ya jira baɗi, a tsakani kuma ya yi ta yawo a ƙananan gasanni marasa tsari inda 'yan wasa kusan kuɗin junansu suke ci, ko ya tsallaka Asiya ko Afirka ta Kudu neman abin kai wa baki. Shugaban PGA Tour na wancan zamani, Deane Beman, shi ne ya ga cewa ana asarar gwanaye a wannan rata, ya kafa jerin gasanni na biyu a ƙarƙashin hukumar tasa. Kamfanin kayan golf na Ben Hogan ya ɗauki nauyi, aka sa wa gasar suna Ben Hogan Tour. A kakar farko an buga gasa 30, yawancinsu da kyautar dala 100,000 da za a raba wa duk waɗanda suka tsallake, an fara daga Bakersfield a Kalifoniya inda Mike Springer ya yi nasara, kuma mutum biyar kacal da suka fi tara kuɗi ne aka ba katin hawa babbar gasa. Jeff Maggert ne ya zo na ɗaya a wannan shekara. Abin da ya sa nake ɗan ɗaga kafaɗa a matsayina na mazaunin garin nan shi ne, gasar Boise tana cikin waɗancan na farko, kuma tun 1990 a wannan fili na Hillcrest ake buga ta, alhali yawancin takwarorinta sun daɗe da mutuwa.

Sunan gasar kuwa ya sha canji, domin duk wanda ya zuba kuɗi shi ke da suna. Daga 1993 ta koma Nike Tour, a 2000 wani kamfanin sayar da kaya ta intanet ya karɓa ta zama Buy.com Tour, a 2003 kamfanin inshora na Nationwide ya shigo, a tsakiyar 2012 ta zama Web.com Tour, sannan a watan Yunin 2019 kamfanin Korn Ferry, wanda sana'arsa nemo wa manyan kamfanoni ma'aikata da ba su shawara, ya sa hannu a yarjejeniyar shekara goma. Sau biyu ke nan ana canza suna ana tsakiyar kaka. Maƙwabciyar tawa har yau Nike Tour take ce mata, kuma babu wanda yake yi mata gyara.

Labarin da ya fi burge ni a shekarun farko shi ne na Tom Lehman. Wannan mutum ya taɓa shiga babbar gasa a farkon shekarun 1980, bai yi kataɓus ba, ya rasa katinsa, ya shafe shekaru yana gararamba a Asiya da Afirka ta Kudu da ƙananan gasannin Amurka. Da aka buɗe Ben Hogan Tour sai ya samu wurin tsayawa, a 1991 ya ci gasa uku ya zo na ɗaya, ya koma sama yana da shekara talatin da 'yan kai. A 1996 ya ɗauki kofin British Open, ɗaya daga cikin manyan gasannin golf huɗu na duniya, a Ingila, a 1997 kuma ya zama na ɗaya a duniya, ko da yake mako ɗaya kawai ya yi a kan kujerar. Ba don wannan mataki na biyu ba, da wataƙila ya ƙare yana koyar da wasa a wani kulob babu wanda ya san shi. John Daly ma a wannan mataki ya ci gasa a jihar Utah a 1990, kuma shekara ɗaya bayan haka ya je gasar PGA Championship yana na tara a jerin masu jiran gurbi, ya yi tuƙin dare ya isa filin Crooked Stick a Indiana bayan Nick Price ya janye saboda matarsa na gab da haihuwa, ya ari ɗan ɗaukar jakar Price ɗin, ya cinye gasar ba tare da ya taɓa gwada filin ba.

Akwai kuma wata shari'a da ta taso daga wannan gasa har ta kai Kotun Ƙolin Amurka. Casey Martin, wanda ya yi wasa tare da Tiger Woods a jami'ar Stanford, an haife shi da wata lalurar jijiyoyin jini a ƙafar dama wadda ke hana shi doguwar tafiya, ita kuwa dokar gasa ta ce dole ɗan wasa ya taka filin da ƙafarsa. Ya kai ƙara yana neman a bar shi ya hau ƙaramar motar fili, ya samu izinin wucin gadi, ya ci gasar Lakeland a Florida a farkon 1998 yana kan motar, sannan a 2001 alƙalai bakwai cikin tara suka ba shi gaskiya. Bayan tafiyar da na sha yau a cikin wannan rana, na fahimci abin da ya sa hukumar ta kafe cewa tafiyar ma wani ɓangare ce ta wasan, amma duk da haka ina tare da alƙalan nan bakwai, domin ƙwallon da hannu ake buga ta.

A 1997 aka shigo da wata doka da nake ganin ita ce mafi adalci a duk tsarin: wanda ya ci gasa uku a kaka ɗaya ba sai ya jira ƙarshen shekara ba, nan take ake ɗaga shi zuwa babbar gasa. Chris Smith ne ya fara cin moriyarta a shekarar da aka kafa ta, kuma waɗanda suka biyo bayansa 'yan kaɗan ne. A nan Hillcrest ne a watan Agustan 2024 wani bahago mai suna Matt McCarty ya ci ta ukunsa, aka ɗaga shi, kuma kafin watan Oktoba ya ƙare ya ci gasar PGA Tour a Utah. Wannan ya isa ya nuna muku cewa tazarar ƙwarewa tsakanin na ƙasa da na sama ba ta da yawa, tazarar aljihu ce mai faɗi. Yanzu mafi ƙarancin kyautar gasa a wannan mataki dala miliyan ɗaya ce, wanda ya zo na ɗaya ya ɗauki dala 180,000, alhali a sama akwai gasannin da na ɗaya shi kaɗai yake tafiya da fiye da dala miliyan uku. Scottie Scheffler, wanda ya ci shahararriyar gasar Masters a 2022 da 2024, a wannan mataki ya yi kakar 2019 aka zaɓe shi gwarzon shekara. Justin Thomas ya bi ta nan, Bryson DeChambeau ya bi, Jason Day ya ci gasa a nan yana ɗan shekara 19.

Gasar ba ta tsaya a cikin Amurka kaɗai ba, domin a farkon shekara ana zuwa Bahamas da Panama da Kolombiya. A Bogota ne, inda tsayin ƙasa ke sa ƙwallo ta ƙara nisa, ɗan ƙasar Chile Cristobal del Solar ya zagaye ramuka 18 da bugu 57 a watan Fabrairun 2024, ga shi kuwa a wannan wasa ƙarancin bugu shi ne gwaninta, kuma wanda ya yi 70 ma ba a ce ya yi abin kunya ba. Washegari wani yaro ɗan Afirka ta Kudu, Aldrich Potgieter, ya yi 59 a gasar, makonni kaɗan bayan ya ci gasa a Bahamas ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa yin nasara a tarihin wannan mataki.

Da na ji an ambaci ɗan Afirka sai zuciyata ta tafi gida, domin mu ma mun taɓa zama matakalar da manya suka taka. Gasar Nigerian Open da aka riƙa bugawa a da a kulob ɗin Ikoyi a Legas tana cikin jerin gasannin Afirka da 'yan wasan Turai suke zuwa lokacin da sanyi ya rufe musu filaye. Sandy Lyle ya ci ta a 1978 kafin ya je ya ɗauki British Open da Masters, Vijay Singh kuma ya ci ta a 1988 da 1989 kafin ya zama na ɗaya a duniya. Da na faɗa wa wani dattijo mai aikin sa-kai a bakin rami na tara wannan magana, sai ya dube ni kamar na ƙirƙira. Filaye muna da su a Kano da Kaduna da Jos da Abuja, kuma yaran da ke ɗaukar wa manya jaka a can akwai masu hannu a cikinsu, abin da babu shi ne tsani irin wannan, wanda yaro zai san cewa idan ya buga da kyau daga Janairu zuwa Oktoba, akwai kati da ke jiransa ba tare da ya san kowa ba.

To amma kada kowa ya ji wannan ya ɗauka hanya ce mai sauƙi. Ina jan kunnen duk ɗan uwan da ke zaune a ƙasar nan yana mafarkin ɗansa zai zama ƙwararren ɗan golf, ya fara lissafa aljihunsa tukuna. Ni da na zo kallo kawai, ɗan burodi da nama da ruwan gora da na saya a hanya sun ci mini dala 15, balle wanda zai yi wata tara yana yawo daga jiha zuwa jiha da mutum biyu a wuyansa. Kafin ma yaro ya iso wannan mataki akwai wani a ƙarƙashinsa, PGA Tour Americas, wanda aka samar a 2024 bayan an haɗe gasannin Kanada da na Latin Amurka, ga kuma 'yan wasan jami'o'i da ake ba gurabe kai tsaye. Kuma idan kun zo kallo, ku kashe ƙarar waya, ku tsaya cak idan ɗan wasa ya sunkuya zai buga, kada kuma ku kuskura ku taɓa ƙwallon da ta faɗo kusa da ku ko da ta tsaya a kan takalminku, domin abincin wani ne yake kwance a wurin. Ku zo da hula, ranar Boise a watan Agusta ba ta da wasa.

Abin da ya ƙara ɓata mini rai shi ne yadda ake ta wasa da yawan katunan. Daga biyar aka koma 10, aka koma 15 a 1997, aka koma 20, sannan 25 a 2007. A 2013 aka rufe hanyar shiga babbar gasa ta jarrabawar ƙarshen shekara, aka mayar da wannan mataki kusan ƙofa ɗaya tilo da katuna 50, rabi ga waɗanda suka fi tara kuɗi a tsawon kaka, rabi ta hanyar wasannin ƙarshen kaka. A 2023 aka sake tsari aka ce mutum 30 na sama, aka kuma dawo da 'yan gurabe kaɗan ta jarrabawa. Daga kakar 2025 sai aka zaftare zuwa 20, saboda manyan da ke sama suna son a rage yawan 'yan wasa a gasanninsu. A ganina waɗanda suka riga suka haye ne suke janye tsanin a hankali, kuma mutum goma da a da za su koma gida da kati yanzu za su sake shekara guda suna kwana a gidajen mutane. Gobe Asabar in Allah ya kai mu zan koma filin da sassafe in bi rukunin farko, wato waɗanda suka tsallake da ƙyar, domin su ne ba a nunawa a talabijin, kuma zan ɗauko muku yadda wasan nasu ya kaya.