Jawabin Maraba da Babban Baƙo Daga Ma'aikatar Ilimi ta Ƙasa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma babban baƙonmu, wakilin ma'aikatar ilimi ta ƙasa, masu girma wakilan fadar Katsinar Maradi da ta Gobir a Tsibiri, sufetocin makarantu, malamai maza da mata, iyayen yara, da ku ƴaƴanmu ɗalibai, a madadin daraktocin makarantun wannan gari ina yi muku barka da zuwa. Ranka ya daɗe, mun san nisan Yamai da Maradi, kuma mun san ayyukan da ka bari a ofis ka taso. Allah Ya saka da alheri.

Zuwanka ya zo daidai lokacin da maganar harshen koyarwa ta cika bakin iyaye. Tun da kundin sabunta ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, kusan kowane taro na iyayen yara sai an tambaye mu ko nan gaba da Ingilishi za a riƙa koyar da lissafi da kimiyya.

Mu dai mutanen Maradi ba ma buƙatar a yi mana bayanin amfanin Ingilishi. Daga nan zuwa iyakar Ɗan Isa tafiyar sa'a guda ce ko ƙasa da haka, kuma ɗan kasuwarmu da ya ƙetara Jibiya ya nufi Katsina ko Kano da Hausa zai yi ciniki, amma takardar banki da ta kwastan da rasidin kaya duk da Ingilishi zai same su. Ga kuma layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa nan, wanda zai nemi matasa masu iya karanta takardun aikin injina. Ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo ma, in bincikensa ya yi zurfi, akasarin abin da zai karanta da Ingilishi aka rubuta shi.

Sai dai, ranka ya daɗe, koyar da harshe daban yake da koyarwa da harshe, kuma a nan ne muke roƙon a taka a hankali. Yau ɗalibinmu yana fara Ingilishi ne a ajin farko na kwaleji, sa'o'i kaɗan a mako, bayan ya shafe shekara 6 yana kokawa da Faransancin da ba a yi masa a gida. Malamin da zai koya masa lissafi kuwa da Faransanci aka horar da shi. Ƙasar Ruwanda ta sauya daga Faransanci zuwa Ingilishi a 2008, sai ga malamai suna koyon harshen a daidai lokacin da ake so su yi koyarwa da shi, kuma yaran karkara ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Na daɗe ina koyarwa a ajin farko na firamare, kuma abin da na gani da idona shi ne yarinyar da take tallan ƙuli-ƙuli, take ba da canjin dala ashirin ba tare da kuskure ba, ita ce za ta yi tsuru-tsuru a gaban allo idan an tambaye ta wannan lissafin da harshen da ba ta ji. Ba ƙwaƙwalwa ta rasa ba. Ƙasarmu ta gane haka tun 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram, kuma dokar tsarin ilimi ta 1998 ta ba harsunan gida gurbi a makaranta. In an musanya wa wannan yarinya Faransanci da Ingilishi tun ranar farko, to, an dai sauya mata baƙon harshe ne, shirun nata yana nan.

Saboda haka roƙonmu shi ne yaro ya fara karatu da rubutu da lissafi da harshen da ya tashi da shi, a shigo masa da Ingilishi tun daga manyan azuzuwan firamare a matsayin darasi mai ƙarfi, sannan a duba lokacin da ya dace a koyar da wasu fannoni da shi. Wannan kuwa ba zai yiwu ba sai an ƙara yawan malaman Ingilishi a makarantun horar da malamai, an kuma wadata azuzuwa da littattafai, domin har yanzu akwai inda ɗalibai da yawa suke haɗa kai a kan littafi guda.

Bayan jawabinka, mun shirya ka shiga azuzuwa biyu, ɗaya na Hausa da Faransanci, ɗaya na Ingilishi, ka yi wa yaran tambayoyi da kanka. Ranka ya daɗe, bismillah, ga dandali. Allah Ya mayar da kai gida lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.