Amsoshin Tambayoyinku: kumburi da ƙwayoyin kasuwa

Mai gabatarwa: Jama'a, lokaci ya ja, wasiƙu kuma sun taru. Wani bawan Allah daga Yawuri na tambaya ko zoɓo na sauke hawan jini. Malam, sha zoɓonka, amma kada ka ajiye maganin asibiti.

Sai wata Hajiya daga Jega, irin tambayarta kuma ta zo daga Argungu da Zuru. Ta ce gwiwoyinta na kumbura, an sayar mata da ƙwayoyi wai antioksidan. Shin suna kashe kumburi? Likita, bisimilla.

Likita: To Hajiya, kumburi dai ba kullum ne abokin gaba ba. Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, fararen ƙwayoyin jini kan rufa mata, su fesa mata wasu sinadarai masu ƙuna da suke haɗawa daga iskar da muke shaƙa. Kamar manomi ne ya cinna wa ciyawa wuta a gonarsa: idan ba a tare ta ba, sai ta ci har amfanin. Masu tarewar su ne antioksidan, irin su bitamin C da bitamin E. Fararen ƙwayoyin nan ma kan tara bitamin C a cikinsu don kare kansu. Ni tun ina yaro kakata ke dama mana garin 'ya'yan kuka, ga gwaiba, ga zogale, ga albasar Aliero...

Mai gabatarwa: Likita, ƙwayoyin fa ta tambaya!

Likita: Ina zuwa. A 1994 an fitar da sakamakon wani bincike a ƙasar Finlan: mashaya taba da aka bai wa ƙwayar beta-karotin, wani nau'in antioksidan, sun fi waɗanda ba a bai wa ba kamuwa da sankarar huhu. Wato yawan ƙwaya na iya cutarwa. Jiki na buƙatar ɗan ƙunar nan don kashe cuta.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita, Hajiya. A nemi antioksidan ɗin nan a abinci, kada kuma a dafe ganye har ya mutu, don zafi na lalata bitamin C. Gwiwa kuwa a kai ta asibiti a san dalili. Ni abin na ƙona mini rai, a ce kuɗin cefane ya tafi ga mai talla da lasifika.

Ɗalibinmu na Birnin Kebbi, tambayarka kan gyambon ciki sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.