Ruwan abarba kafin hoton IRM

Salamu alaikum 'yan uwa, daga Garwa nake magana. Ku matso ku ga kofuna biyun nan. Wannan ruwa ne zalla, wannan kuma ruwan abarba ne da aka matse ɗazu, irin wadda motoci ke hauro da ita daga kudu. Na saka su cikin na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da muke kira IRM a nan, wadda a Najeriya ake ce wa MRI. Ga hoton a allo: ruwa ya fito fari tas, abarba ta yi duhu kamar babu komai a kofin.

Wannan duhun shi muke nema. Idan likita yana zargin tsakuwa ta toshe hanyar madaciya, akan yi hoto da salon T2, inda duk wani ruwa ke haskawa. To ruwan da ke kwance a tumbi da farkon ƙaramin hanji shi ma haske yake yi, sai ya hau kan siraran hanyoyin da muke son gani. Abarba tana da wani sinadari mai suna manganis, wanda idan an sha yake kashe hasken ruwan tumbin. Madaciya kuwa ruwan abarbar bai isa cikinta ba, sai ta fito fili.

Mara lafiya ya yi awa 4 zuwa 6 bai ci komai ba. Sannan ya sha ruwan abarba mililita 200 zuwa 400, kofi ɗaya ko biyu kenan, minti 15 zuwa 30 kafin ya kwanta cikin na'urar. In aka yi jinkiri saboda layi ko an ɗauke wuta, ruwan ya gangara ya wuce, sai an sake.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne lemon kwali na kanti. Da yawansu ruwa ne da sukari da ƙamshin abarba, manganis ɗin bai taka kara ya karya ba. Ko na gaskiyar ma ƙarfinsa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Saboda haka duk sabon kwali, a fara gwada shi a kofi kusa da ruwa, yadda na nuna muku. Masu tambayata ko zoɓo zai yi, amsar dai ɗaya ce: a kofi za a gwada, ba a cikin mutum ba. Baƙin shayi mai kauri shi ma yana da manganis, kuma idan ba a sa sukari ba ya fi dacewa da mai ciwon suga.

Amma fa in hanjin kansa ake son dubawa, abarba ba za ta wadatar ba. A nan so ake hanji ya buɗe, shi ya sa ake ba da ruwan manitol, wani sinadari mai zaƙi da hanji ba ya tsotsewa sosai, lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a sha a hankali cikin minti 45 zuwa awa guda. Ruwa zalla kuwa jiki ke tsotse shi kafin ya isa ƙarshen hanji. A kuma faɗa wa mara lafiya tun da wuri cewa zawo na iya biyo baya, kada ya hau babur ya kama hanyar Pitowa nan take.