Jawabin maraba ga babban baƙonmu a ɗakin gwajin ƙarfin kaya

Assalamu alaikum. Mai girma babban baƙonmu Farfesa, ranka ya daɗe, shugaban sashe, malamai da ɗalibai, barkanmu da warhaka. A madadin duk ma'aikatan wannan ɗakin gwaji ina maka lale marhabin, sannu da hanya. Mun san hidima ta maka yawa amma ka daure ka zo, Allah ya saka da alheri.

Ranka ya daɗe kai ba baƙo bane a wannan fage, amma ga ɗalibai can baya da yau suka fara jin zancen, dan haka a min afuwa in ɗan taɓa abin da muke yi. Aikinmu akan polima ne, wato dangin roba irin su nailan da epoksi, waɗanda ake zuba musu wani gari mai tsananin ƙanƙanta dan su ƙara ƙwari, ko dai laka wadda kaurin fallenta ɗaya kusan nanomita 1 ne (wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita), ko ƙananan bututun kabon da Sumio Iijima ya bayyana a 1991. Masu binciken Toyota a ƙarshen shekarun 1980 suka cakuɗa nailan da 'yar laka kaɗan har aka yi murfin bel ɗin injin mota da shi, tun daga nan kowa ya shigo harkar.

To abin da ya hana mu barci shi ne sauri. Ƙa'idar ASTM D695, wadda ake bi wajen gwajin matse roba, tace a matse samfur a hankali, milimita 1.3 a minti ɗaya, zaka tsaya gaban inji kana kallo kamar ba ya motsi har ɗan guntun ya kumbura ta tsakiya ya sallama, sai a rubuta lambar ace ƙarfinsa kenan. Amma fa mota in ta yi karo ba ta jiran minti ɗaya, hular kwano ma haka, komai cikin ƙiftawar ido yake ƙarewa, kuma a wannan saurin kayan wani hali daban yake nunawa. Sarƙoƙin polima, wato dogayen ƙwayoyin da suka haɗu suka yi ta, suna buƙatar lokaci kafin su zame su ba da hanya, in ka hanzarta su sai su turje, kamar dai ruwa ne, in ka sa hannu a hankali ya buɗe maka, in ka mare shi tafin hannunka ya gaya maka. Tun 1936 Henry Eyring ya kawo lissafin da muke dogara da shi, kusan duk sanda ka ninka saurin sau 10 ƙarfin matsewar yana ƙaruwa da gwargwado iri ɗaya.

Sai dai kar ɗalibai su ɗauka sauri riba ce zalla. In bugun ya yi tsanani zafin da ke tasowa cikin samfurin ba ya samun kafar fita, sai ya fara laushi ana tsakiyar gwaji, wani kuma ya tarwatse kawai babu ko gargaɗi. Shi ma garin nan mai ƙanƙanta in aka cika shi ko ba a gauraya da kyau ba dunƙulewa yake, kuma daga wajen dunƙulen nan tsagewa ke farawa, ni a ganina rabin rigimar wannan fanni a gaurayawa take.

Anan ne muke da koke ranka ya daɗe. Injin matsa a hankali muna da shi, yanzu zaka gani. Abin da muka rasa shi ne sandar Hopkinson, wadda Bertram Hopkinson ya faro a 1914, Herbert Kolsky ya raba ta biyu a 1949, ana sa samfur tsakanin sanduna biyu na ƙarfe a harbo ta uku ta bugi ta farko, na'ura ta karanta girgizar da ta ratsa da wadda ta dawo. Da ita da kyamara mai saurin ɗauka, ɗalibanmu zasu iya gwada samfur iri ɗaya a hankali da kuma da gudu su gwama. Muna roƙo ka sa mana baki inda ya dace.

Bismillah Farfesa, a ba shi tabarau na kariya mu ƙarasa wajen inji, samfurin epoksi na nan a ɗaure yana jira.