Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Ilimi Mai Zurfi a Ziyararsa ta Maraɗi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Minista, mai girma Gwamnan Jihar Maraɗi, wakilan Mai Martaba Sarkin Katsinan Maraɗi da Mai Martaba Sarkin Gobir na Tsibiri, shugabannin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo, malamai da ɗalibai.

Ranka ya daɗe, sannu da zuwa, sannu da hanya. Wanda ya taso daga Yamai ya bi ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni ya san abin da kilomita fiye da 600 ke yi wa ƙugu. Mu malamai da tsoffin ɗalibai masu nazarin aikin mulki da aikin kula da jin daɗin jama'a muna yi maka lale marhabin.

Ka sauka a garin da ya san darajar tsari. Ambaliyar 1945 ce ta cinye tsohuwar Maraɗi a bakin Gulbi, aka tashi aka hau tudu aka yanka sababbin unguwanni. A wannan jiha kuma aka soma Mata Masu Dubara a 1991, asusun da yau ake kwaikwayonsa a ƙasashe da dama. Matan da suka riƙe shi galibi ba su taka lakkol ba, amma sun iya tsare lissafi da sasanta rigima.

Muna da magabata a wannan fanni. A Yamai aka haifi CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta Afirka da Madagaska, a 1968, ita ce ke auna malaman jami'a. Makarantar koyon aikin mulki ta ƙasa, ENA, ta daɗe tana fitar da ma'aikatan gwamnati. Ƙungiyar AAPAM, mai mazauni a Nairobi, tun 1971 take haɗa masana mulki na Afirka. Cibiyar binciken zamantakewa ta LASDEL da ke Yamai kuwa, tun 2001 masu bincikenta ke zama a biro da asibiti suna rubuta bambancin abin da doka ta ce da abin da ake yi da gaske. Wannan shi ne amfanin ƙungiyar masana: ta duba manhaja, ta buga mujalla, ta haɗa malami da ma'aikacin da ke fama da jama'a kullum.

Bari in faɗa maka abin da na gani da idona a wata meri, wato ofishin magajin gari, da ba zan ambata ba. Wata uwa ta zo daga ƙauye da goyo, tana riƙe da hannun yaro ɗan shekara bakwai, tana neman takardar haihuwa domin a karɓe shi makaranta. Saurayin da ke teburin ya san dokar sarai: wa'adi ya wuce, sai an bi ta wurin alƙali da shaidu. Ya karanto mata da Faransanci, ya yi ƙoƙarin juyawa da Hausa, bakinsa ya sarƙe. Ta ce, "To, ɗana," ta gyara goyonta ta fita. Ba ta gane ba, shi ma ya san ba ta gane ba. Ban ga laifinsa ba, ranka ya daɗe. Mu muka koyar da shi, kuma ko sau ɗaya ba mu sa shi ya yi wa mutum bayanin doka da harshen da zai ji ba.

Haka abin yake ga masu aikin jin ƙai da ke kula da ƴan gudun hijirar da suka shigo yankin Gidan Rumji tun 2019. Littafinsu an rubuta shi a Faransa, matar da ke gabansu kuwa daga Sakkwato ko Zamfara ta tsero.

Tunda Kundin Sabunta Ƙasa na 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, roƙonmu ke nan. A taimaka wa ƙungiyoyin masana su tattara kalmomin mulki da na shari'a cikin Hausa, a buga su a hannun kowane ɗalibi. A kuma ba mu dama mu riƙa tura ɗalibai sanin makamar aiki Dakwaro da Mayahi da Tasawa, kada kowa ya maƙale a birni, tare da ɗan guzurin da zai riƙe su can wata uku. Mujalla ma muna so, ko da sau ɗaya ce a shekara.

Allah ya ja zamanin Minista, ya mayar da kai gida lafiya. Yanzu dandali naka ne, bismillah.