Ashe makaranta ce: wunin da na yi a Tuol Sleng

Wallahi makaranta ce, jama'a, wannan Tuol Sleng ɗin da aka mayar gidan yari, yanzu kuma gidan tarihi ne. Ku duba bayana da kyau. Bene hawa uku, doguwar baranda, azuzuwa a jere, fili a tsakiya da itatuwan kwakwa. Da za a rufe mini ido a kawo ni nan sannan a buɗe, cewa zan yi wata tsohuwar sakandaren gwamnati ce a Kano ko Zariya, irin waɗanda aka gina lokacin da ake gini da tsoron Allah. Sai ka ɗaga kai ka ga waya mai ƙaya ta lulluɓe barandar. An ce an sa ta ne don kada fursuna ya faɗo daga sama ya huta. Kun ji fa, ko mutuwa sai da izininsu.

Assalamu alaikum, ko gaisuwa ban yi ba, ku yi haƙuri, raina ne a jagule. Ina birnin Phnom Penh na ƙasar Kambodiya. Kun san kaya ne suka kawo ni, daga Biyetnam na shigo a bas, tafiyar wajen awa shida, don in leƙa harkar tufafi, tunda ɗinki na cikin manyan sana'o'in mutanen Kambodiya. Mai adaidaita sahun da ke yawo da ni, su tuk-tuk suke ce masa, shi ne ya ce ba zan bar garin ba sai na ga wannan wuri. Dala biyar kuɗin shiga, dala biyar kuma na na'urar da kake sawa a kunne tana yi maka bayani. Na so in yi ƙoron biyar ɗin nan ta biyu, kun san hali. Gara da ban yi ba.

To ga abin da ya faru. Ranar 17 ga Afrilun 1975 wasu 'yan tawaye masu aƙidar gurguzu da ake kira Khmer Rouge suka shigo garin nan, yawancinsu yaran ƙauye sanye da baƙaƙen kaya. Mutane har fitowa suka yi suna murna, saboda an gaji da yaƙi. Tun 1970 da Janar Lon Nol ya kifar da shugaban ƙasar, Yarima Sihanouk, ake ta ɓarin wuta, ga jiragen Amurka da suka yi ta ruwan bama-bamai a karkara har zuwa 1973, wanda shi ma ya tura manoma da yawa hannun 'yan tawayen. Murna ta koma ciki a wunin ranar. Aka ce kowa ya fita daga birni, wai Amurka za ta kawo hari, kwana uku kawai za a yi a dawo. Har marasa lafiya aka turo daga asibiti a kan gadajensu. Ku ɗauka a ce yau an wayi gari an ce duk mutumin Kano ya kama hanyar daji a ƙafa, daga Fagge har Sabon Gari, kada a bar ko mutum ɗaya. Kwana ukun nan shi ne ya zama kusan shekara huɗu.

Suka soke kuɗi. Ni ɗan kasuwa ne, wannan ya daɗe yana yi mini yawo a ka. Ba kuɗi, ba kasuwa, ba makaranta, ba ibada, ba tukunyar gida, kowa a wuri ɗaya zai ci ɗan kunun shinkafa ya koma gona. Suka ce sai kowace hekta ta ba da tan uku na shinkafa, alhali shi manomin yunwa ce ke kashe shi. Shugabannin ma ba a san su ba, Angkar kawai ake cewa, wato ƙungiya. Kuma suna da wata magana da suke gaya wa mutanen birni: barin ka ba riba, rasa ka ba asara.

Abin da ya fi tsaya mini a wuya shi ne wannan. Sun bi masu ilimi suna kashewa, malamai, likitoci, duk wanda ya iya Faransanci, har tabarau kan iya jawo wa mutum. Amma shi shugaban nasu, Pol Pot, wanda ainihin sunansa Saloth Sar, a Faris ya yi karatu da tallafin gwamnati, ya faɗi jarrabawa ya dawo, ya kuma koyar a makaranta a garin nan. Shi kuma wanda ya riƙe wannan gidan yari da suka sa wa suna S-21, ana ce masa Duch, malamin lissafi ne. Malamin lissafi! Shi ya sa komai nasa a rubuce. Duk wanda aka kawo sai an ɗauki hotonsa da lamba a ƙirji, a azabtar da shi har ya rubuta cewa shi ɗan leƙen asirin Amurka ne ko na Rasha, ya kuma lissafo sunayen wasu, su ma a je a kamo su. Fiye da mutum 12,000 suka shigo ta ƙofar nan, waɗanda suka fita da rai ba su taka kara sun karya ba. Ɗaya ya tsira saboda ya iya zanen hoton Pol Pot, wani saboda ya iya gyaran inji. Hotunan suna ciki, ban ɗauko muku ba. Akwai wata mata riƙe da jaririnta, na kasa wuce wurin.

Ku bar ni in ɗan sha ruwa. Zafin garin nan ba irin namu ba ne, namu ƙona ka yake yi ka bushe, nasu dafa ka yake yi.

Da azahar na ce a kai ni masallaci, aka kai ni Al-Serkal, babba ne fari mai kyau. Da yawanku ba ku san akwai Musulmi a nan ba, ni ma da haka nake. Ƙabilar Cham ce mafi yawansu. Su ma sun ɗanɗana kuɗarsu: an rushe masallatai, an lalata Alƙur'anai, an kashe limamai, an tilasta musu cin naman alade. A 1975 mutanen ƙauyukan Koh Phal da Svay Khleang sun yi bore da adduna da wuƙaƙe, aka murƙushe su. Da na tsaya a sahu kafaɗa da kafaɗa da wani dattijo mai farin gemu, sai na kama kaina ina lissafin shekarunsa, ina cewa wannan lokacin yana saurayi. Ban tambaye shi komai ba. Ku ma in kun zo kada ku tambayi tsofaffi labarin wancan zamani kai tsaye, kusan kowane gida akwai wanda bai dawo ba. Mun gaisa, ya ji na ce Najeriya, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ina jin ni ne Bahaushe na farko da ya taɓa gani, ba yabon kai ba.

A kusa da nan na ci abincin halal, shinkafa da miyar kaza, dala uku. Ba laifi, amma komai nasu da ɗan zaƙi-zaƙi. Sati uku ke nan rabona da tuwo miyar kuka da man shanu. Hajiya, in kina kallo, a tanada.

Daga nan muka tafi Choeung Ek, kamar kilomita 15 daga gari, inda ake kai mutanen S-21 da dare a mota. Ba sa ɓata harsashi, fartanya da gatari da sandar ƙarfe suke amfani da su, su rataya lasifika a bishiya suna sa waƙoƙin juyin juya hali don kada a ji ihu. Akwai hasumiya mai gilashi cike da ƙoƙon kai fiye da 5,000. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A faɗin ƙasar, tsakanin mutum miliyan ɗaya da rabi zuwa miliyan biyu suka mutu, a ƙasar da jama'arta ba su wuce miliyan takwas ba. Kuma a wurin na ga wasu baƙi biyu suna ɗaukar hoton kansu suna washe baki. Allah ne kawai ya riƙe harshena. Ni dai na gaya muku, kada ku haɗa wuraren nan biyu a rana ɗaya kamar yadda na yi, zuciya ba za ta ɗauka ba. Kuma ku zo da dala mai tsabta, in ta ɗan yage ba mai karɓa, yau sau biyu ana dawo mini da goma.

Yadda suka faɗi kuwa, su suka tsokano tsuliyar dodo. Suka riƙa kai hare-hare ƙauyukan Biyetnam na kan iyaka, a cikin gida kuma suna ta cinye junansu, don da yawan waɗanda aka kashe a makarantar can 'yan ƙungiyar ne. Ƙarshen Disamban 1978 sojojin Biyetnam suka shigo, ranar 7 ga Janairun 1979 suka karɓe Phnom Penh. Sati biyu kacal. Sai ga abin haushi: saboda Biyetnam ta Rasha ce a siyasar wancan zamani, China da Amurka da ƙawayensu suka bar wa mutanen Pol Pot kujerar Kambodiya a Majalisar Ɗinkin Duniya shekara da shekaru. Shi kuwa ya koma daji wajen iyakar Tailan, ya mutu a 1998 ba tare da ya tsaya gaban kotun ƙasa ko ta duniya ba, aka ƙona gawarsa a kan tsofaffin tayoyi. Duch ne aka fara yanke wa hukunci a 2010, ya mutu a tsare a 2020. Nuon Chea da Khieu Samphan, manyan shugabannin ƙungiyar, sai 2018 aka same su da laifin kisan ƙare dangi, sun riga sun zama tsofaffi tukuf.

Mai tuk-tuk ɗina yana can yana yi mini hon, dala ashirin muka yi da shi wuni guda, kuma magariba ta kawo kai. Gobe in Allah ya kai mu za mu shiga kasuwa in nuna muku farashin wanduna, yau dai ba zan iya ba.